A Hanyar 395, Kunnenmu na Kan Oba-obar 'Yan Sanda

Suna ne ya kai ni Kalifoniya. Matar ƙanena ta haihu, shi kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa tun da ya koma can da zama babu wani daga gida da ya taɓa taka ƙofarsa. Da aka watse daga taro, baƙi suka koma garuruwansu, sai zaman gida ya fara isata. Unguwarsu tana arewacin Los Anjeles, irin unguwannin nan da za ka wuni a bakin ƙofa ba ka ga mai tafiya a ƙasa ba. Abin da kawai ke ɗaukar idona shi ne wata tsohuwar a-kori-kura a gidan da ke kallon namu, an kafa mata eriyoyi a ka, ɗaya daga ciki doguwa ce har tana lanƙwasa in iska ta kaɗa.

Mai motar Bature ne ɗan ƙasar, dattijo, ya yi ritaya daga aikin gyaran layukan waya. Yaran gidanmu Baba Mai Eriya suke ce masa, shi ma ya karɓi sunan. Aikinsa yanzu, in har za a kira shi aiki tunda ko sisi ba ya kawo masa, shi ne sauraron oba-obar ma'aikata: 'yan kwana-kwana, direbobin jirgin ƙasa, masu gadin gandun daji. Amma wadda ta fi kwanta masa a rai ita ce ta 'yan sandan babbar hanya, waɗanda ake kira CHP. Da ƙanena ya gaya masa cewa ni ma da rediyo na girma, ya ce to in shirya, zai hau arewa zuwa kwarin Owens, a can ne ake jin abin da kyau, ba a cikin hayaniyar birni ba.

Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini a rai daban ne. Baƙo ne ni da bizar ziyara, a ce an kama ni a mota ina sauraron 'yan sanda? Ƙanena ya yi dariya. "Yaya, kwantar da hankalinka, nan ba laifi ba ne." Haka abin yake. Dokar tarayya ta 1986 kan sirrin sadarwa ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai son jin rediyon 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, muddin ba a kulle maganar ba. Abin da Kalifoniya ta hana shi ne ka yi amfani da abin da ka ji wajen aikata laifi ko taimaka wa mai laifi ya tsere. Wasu jihohin sun fi tsanani, su New York da Florida da Indiana da Kentucky da Minnesota suna da dokokin da suka taƙaita ɗaukar irin wannan na'ura a cikin mota. Amma mu ba can muka nufa ba.

Bayan asuba muka ɗau hanya, dattijon yana tuƙi, ni a gefensa, ƙanena a baya da kular abinci da uwargida ta haɗa mana. Na'urar tana ɗaure a ƙasan dashbod, ƙirar Uniden, sikana suke kiranta. Ba ta aika magana, ji kawai take. Aikinta shi ne ta yi ta zagaya ɗaruruwan tashoshin da aka loda mata cikin ƙiftawar ido, duk inda ta ci karo da murya ta tsaya, in an yi shiru ta ci gaba da yawo. Kafin mu fita unguwa ya ce in zare cajar wayata daga jikin mota. Ya kunna ya nuna mini: da cajar a jone, wani tsaki ne ke tashi yana danne komai, da na zare sai wuri ya yi tsit. Zangon da muke farauta yana da saurin kamuwa da dattin lantarki, caja mai arha ko fitilar zamani ta isa ta toshe maka kunne.

Muna hawa hanya mai lamba 14 muryar farko ta faɗo. Mace ce, babu gaggawa a bakinta, ta ambaci wasu lambobi, ta faɗi sunan wata mahaɗar hanya, ta yi shiru. Can sai ta ce "10-4", wato ta ji. Na jira in ji wanda take magana da shi, ban ji kowa ba. Dattijon ya ce haka tsarin yake tun asali: ɗakin sadarwa yana magana a tasha ɗaya, motocin sintiri suna amsawa a wata. Muryar ɗakin tana fitowa ne daga turaku a kan tsaunuka, don haka tana cika ko'ina. Ta motar kuwa daga ƙasa take tashi, in ba kana kusa da ita ba, ko kuma ɗakin ya ga dama ya maimaita ta ga kowa, ba za ka ji ta ba. Sai ka zama kamar mai jin maƙwabci yana waya ta bayan katanga, rabin hirar naka, sauran rabin ka cike da hankalinka. Ya ce daɗin abin ke nan, ni dai a lokacin haushi ya ba ni.

Tashoshin ba da lamba ma'aikatan ke kiransu ba, da launi ne. Akwai Baƙa, Fara, Zinariya, Ruwan Lemo, Ruwan Hoda, Ruwan Ƙasa, kowane yanki da nasa, har launukan gama-gari suka ƙare aka shiga aron sunayen duwatsu masu daraja. Shuɗiya ce ta kowa da kowa, wadda ake komawa in aiki ya haɗa yankuna. Lambobinta biyu na shekara da shekaru, megahaz 42.340 na ɗaki da 42.180 na mota (megahaz shi ne ma'aunin da ake ƙirga lambar tashar rediyo da shi), dattijon ya karanto mini su da ka ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. Daga baya hukumar ta yi wa tsarin garambawul, ta ƙara tashoshi a wajajen megahaz 39 da 44 da 45, kuma bin diddigin wane yanki ya koma ina shi ne ya cinye wa irinsu shekaru.

A nan ne abin ya fara shiga kaina, domin ba baƙon ilimi ba ne gaba ɗaya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a gajeren zango ya san mita 16 da mita 19 da mita 25. Gajeren zango yana ƙarewa ne a megahaz 30. Daga 30 zuwa 50 shi ne wannan zangon da 'yan sandan ke ciki, ƙasan zangon da ke bin gajeren zango, wanda ake kira VHF, tashoshin FM kuma suna can sama daga 88 zuwa 108. In da a fuskar tsohon rediyon mahaifinmu za a rubuta CHP, da a mita 7 za ta zauna, ɗan taki kaɗan bayan inda allurar ke tsayawa. Tsawon igiyar ke nan, mita bakwai da 'yan kai, kuma eriya mai kyau tana son rubu'in wannan tsawo, kusan mita 1.8. Shi ya sa bulalar da ke kan motar dattijon ta fi ni tsawo. 'Yan sandan birane da suka koma megahaz 700 da 800, tasu eriyar ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Yawancin hukumomin Amurka sun daɗe da barin wannan zango, kuma suna da hujja. Ba ya shiga gine-gine da kyau, ƙaramar oba-oba ta hannu ba ta da ƙarfi a cikinsa, kamfanonin da ke ƙera kayansa sun ragu. To me ya riƙe jihar da ta fi kowace arziki da fasaha a ƙasar a kan kayan zamanin kakanni? Amsar na gan ta da idona da muka wuce garin Mojave, muka bi ta tsakanin jajayen duwatsun Red Rock, hanyar 14 ta zube cikin 395 kusa da Inyokern. Gari ya ƙare. Hagu tsaunukan Sierra Nevada sun tokare sama, dama hamada ce har iyakar gani, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Kalifoniya ta kai murabba'in kilomita dubu 424, kusan rabin Najeriya, kuma CHP, wadda aka kafa a 1929, ita ke da alhakin manyan hanyoyinta daga bakin teku har ƙoƙuwar duwatsu. Doguwar igiya tana lanƙwasawa ta bi bayan tudu, ta ratsa daji, ta yi nisa da turke ɗaya. Gajeriya sai ta ga turke ido da ido. Kafin a rufe ƙasa irin wannan da sabon tsari sai an kafa turaku bila adadin a wuraren da ko hanyar mota babu. Gundumar Inyo da muke shiga ta wuce murabba'in kilomita dubu 26, mutanenta kuwa wajen dubu 19 ne kacal. Wa zai zuba wannan kuɗi saboda su, alhali tsohon abin yana aiki?

Matsalar oba-obar hannu kuma dabara suka yi mata. In ɗan sanda ya fito daga mota, ƙaramar oba-obar da ke ƙugunsa da motarsa take magana a wani zango na sama, motar ce ke ɗaukar muryar ta cilla ta kan dutse da babban rediyonta. Shekaru da dama wannan 'yar gada tana kan megahaz 154.905, kafin a mayar da ita zangon 700. Direbobi masu wayo sun gano cewa duk lokacin da wannan tasha ta motsa to akwai motar sintiri a kusa, har aka riƙa sayar da sikana mai yin ƙara don gargaɗin masu gudu. Dattijon ya taɓe baki da ya zo nan. A wurinsa waɗannan ba 'yan uwansa ba ne, masu ɓata wa sana'a suna ne. Ni ma na lura allurarsa ba ta taɓa haura mil 65 da aka rubuta a allo ba.

A wurin hutawa na Coso Junction muka tsaya. Rana ta take, zafin watan Yuni mai busar da leɓe, amma ga dusar ƙanƙara fari fat a kan tsaunuka. Muka yi alwala, na juya gabas, ƙanena ya kamo hannuna ya karkata ni. A can alƙibla kusan arewa take, da ɗan karkata zuwa gabas. Muka haɗa azahar da la'asar, dattijon yana zaune a inuwa ya rage muryar na'urarsa har muka sallame, ba tare da wani ya roƙe shi ba. Sannan ya ci dafa-dukar uwargida yana share hawayen yaji.

Wanda ya saba da finafinan Amurka zai ɗauka rediyon 'yan sanda harbe-harbe ne da tseren motoci. Abin da na ji a wunin nan shi ne: katifa ta faɗo daga kan wata mota ta tare layi, tirela ta yi zafi ta tsaya a hawa, wani ya kira ya ce ya ga saniya a bakin titi, wata tsohuwa taya ta fashe mata tana jiran janwe. Dattijon yana fassara mini lambobin ɗaya bayan ɗaya. 11-82 hatsari ne da babu wanda ya ji rauni, 11-81 rauni kaɗan, 11-80 rauni mai tsanani, 11-79 an riga an tura motar asibiti, 11-85 a turo janwe. 10-97 na iso wurin, 10-98 na gama. In ka ji 23152, lambar sashen dokar da ta hana tuƙi cikin maye ce, ta zama sunan laifin kansa. Akwai guda ɗaya da ya faɗa da wata murya daban, 11-99, ɗan sanda na cikin haɗari, kowa ya kawo ɗauki. Ya ce in ta fito, duk sauran zance tsayawa yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba lambobin ba ne. Sau da yawa in ɗan sanda zai tsayar da mota, sai ya fara faɗa wa ɗaki inda yake da lambar motar, in ya gama ya sake faɗa. In ya daɗe bai yi magana ba, matar da ke ɗakin sadarwa za ta kira shi ta ji lafiya. An yi haka ne don tsaron ransa, tunda shi kaɗai ne a mota kuma mai kawo masa ɗauki yana iya kasancewa tafiyar rabin awa ko fiye. Amma ni da na fito daga inda tsayar da mota a hanya ke zama sirri tsakanin mutum biyu, wata fa'idar na hango. Tsayarwar da aka shelanta a iska, aka rubuta lokacinta, kuma kowane tsoho mai eriya yana iya ji, da wuya ta koma ciniki. Na faɗa wa ƙanena haka da Hausa, ya ce, "Yaya, su ma fa suna da nasu halin, kada ka ɗauka mala'iku ne." Na yarda da shi. Sai dai mai hali a bainar jama'a da mai hali a ɓoye ba ɗaya ba ne.

Muka wuce tafkin Owens, wanda tafki ne a suna kawai. Tun da aka buɗe magudanar da ke kai ruwan kwarin zuwa Los Anjeles a 1913, cikin shekaru goma da 'yan kai ya ƙafe ya bar farin gishiri da ƙura. A Lone Pine dattijon ya nuna mini dutsen Whitney, mita 4,421, wanda ya fi kowane tsawo a Amurka in aka cire Alaska. Daga ƙasa bai fi maƙwabtansa kwarjini ba, sai an nuna maka.

Gaba kaɗan ya kashe na'urar da kansa, ya saki titi ya shiga Manzanar. Nan ne ɗaya daga sansanonin da gwamnatin Amurka ta tsare mutane 'yan asalin Japan bayan umarnin da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a Fabrairun 1942. Mutum kusan dubu 120 aka kwashe daga gidajensu a faɗin yammacin ƙasar, yawancinsu haifaffun Amurka, fiye da dubu 10 a wannan fili kaɗai, har zuwa ƙarshen 1945. Yanzu wurin tarihi ne, an sake gina hasumiyar gadi da wasu ɗakunan katako, ga farin ginin tunawa a maƙabarta. Dattijon ya ce duk zuwan da zai yi sai ya tsaya, kuma dalilinsa na masu rediyo ne: cikin kayan da aka haramta wa mutanen nan har da rediyo mai kama gajeren zango. Irin wanda muke zagayewa da daddare a tsakar gida, a nan ya taɓa zama shaidar cin amanar ƙasa. Ya ce shi ya sa ba ya ɗaukar izinin saurare a matsayin abin da aka ba shi har abada.

Kusa da Big Pine, ta hannun dama, fararen faranti suka bayyana a tsakiyar fili, babbansu faɗinsa mita 40. Cibiyar binciken sararin samaniya ce ta jami'ar Caltech, an kafa ta a nan ne saboda tsaunuka sun kare kwarin daga hayaniyar rediyon birane. Suna da wani filin da aka shuka ɗaruruwan ƙananan eriyoyi masu sauraron taurari a ƙasa da megahaz 90, wato zangon 'yan sandan yana cikin abin da kunnensu ke ɗauka. Muryar da muka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don mu ji, su a wurinsu datti ce da sai an tace.

Bishop muka kwana, gari mai mutum ƙasa da dubu huɗu, amma a nan ɗakin sadarwar CHP na wannan yanki yake. Muryoyin da muka wuni muna ji tun daga hamada, daga wani gini a garin nan suke fitowa. Na tambayi dattijon ko ya taɓa zuwa ya gaishe su. Ya zaro ido. Ya san muryoyinsu, ya san wadda ke aikin dare da wanda ke saurin magana in ya gaji, amma bai san fuskar ko ɗaya ba, kuma ba ya so. Ƙa'idarsa uku ce: ba ya zuwa wurin da ya ji an yi hatsari, ba ya maimaita sunan wani da ya ji a iska, ba ya kiran ofis sai in ya ga abin da idonsa.

A ɗakin masauki ya fito da littattafansa. Kowane layi da kwanan wata, da lokaci, da tasha, da inda yake tsaye, da ƙarfin muryar, sai wata lamba a ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ita ce sirrin sana'ar. A ƙarƙashin kowace magana akwai wani siririn amo da kunne ba ya kamawa, wanda rediyon hukuma ke amfani da shi don ya buɗe wa nasa kawai ya ƙyale baƙi. Sikana tana iya karanta shi. In ka haɗa tasha da wannan amo da sunan wata hanya da aka ambata, sannan ka duba rajistar lasisi ta hukumar sadarwa ta tarayya, wadda a buɗe take ga kowa, za ka iya cewa ga wanda ya yi magana, ga dutsen da muryar ta fito. Matasan cikinsu yanzu da 'yar na'ura mai kamar filashi suke yi, su soka a kwamfuta su ga zangon gaba ɗaya a allo. Wasu kuma suna jona sikanarsu da intanet ta wani shafi mai suna Broadcastify, har mutum yana Kano yana iya jin abin da ke faruwa a titin Kalifoniya. Shi dai biro da takarda ya riƙe.

Da ya buɗe shafukan baya sai na ga layuka da yawa an soke su da jan biro. Hukumomin da suka yi shiru ne. A Oktoban 2020 ma'aikatar shari'a ta jihar ta umarci 'yan sanda su kare bayanan mutane da ake karantawa a rediyo, irin su lambar lasisi da tarihin laifi, ta ba su zaɓi biyu: ko su kulle maganar yadda sai rediyonsu kaɗai zai warware, ko su canja yadda suke faɗin bayanan. Birane da yawa suka zaɓi kullewa gaba ɗaya. 'Yan jarida suka yi ca, domin da wannan na'ura suke sanin inda gobara ta tashi ko inda aka yi harbi kafin sanarwar hukuma. Birnin Palo Alto ya kulle a 2021, surutu ya yi yawa, ya sake buɗewa a 2022. CHP kuwa ta bi hanya ta biyu, ta bar rediyonta a buɗe ta rage abin da ake furtawa a ciki.

Ba zan ce masu kullewa ba su da gaskiya ko kaɗan ba. In ni aka tsayar, ba zan so a karanta sunana da ranar haihuwata da adireshina ga duk mai eriya ba, kuma ba kowane mai sauraro ne ke da ƙa'idar Baba Mai Eriya ba. Amma tunda ga hukumar da ta fi su yawan hanyoyi ta nuna ana iya ɓoye sunan mutum a bar aikin a fili, hujjar rufe komai ta yi rauni a ganina. Wanda ya rufe duka, ba sirrin talaka kaɗai yake karewa ba.

Washegari muka haura Sherwin, hawan da ke gwada lafiyar kowace mota, muka wuce mahaɗar Mammoth Lakes da tafkin Mono, har mashigin Conway, wuri mafi tudu a hanyar 395, kusan mita 2,480. Dattijon ya faka a wurin tsayawar masu kallo, ya bar tashoshin da ya loda, ya sa na'urar ta yi ta share zangon daga 30 zuwa 50 ba tare da zaɓi ba. Ashe wannan ne ainihin abin da ya kawo shi. Daga watan Mayu zuwa Agusta, a wasu ranaku da babu mai iya faɗa tun kafin su zo, wasu gizagizai masu caji suna taruwa a sama, wajen kilomita 100 daga ƙasa. Igiyar da ya kamata ta wuce sararin samaniya sai ta bugi wannan rufi ta dawo ƙasa a wuri mai nisan da ya kai kilomita dubu biyu. In kuma rana tana kan ganiyar zagayenta na shekara 11, kamar yadda masana suka sanar a Oktoban 2024, wani rufin da ya fi wannan tudu yana iya cilla muryar ta tsallake teku. Abin da ke kawo mana Landan a gajeren zango kullum, shi ne ke faruwa a nan jefi-jefi. Ga ɗan sanda masifa ce, baƙuwar murya ta faɗo masa a tsakiyar aiki. Ga su dattijon kuwa ranar salla ce.

Mun daɗe ba mu ji komai ba sai shuu. Ƙanena ya gaji ya fita ɗaukar hoton tafki. Iska mai sanyi tana girgiza motar, ni har na fara gyangyaɗi. Sai ga wata murya da Sifaniyanci, tar kamar mai maganar yana bayan motar, tana jero wasu sunaye da lambobi. Ta yi ƙasa, ta dawo, ta nutse. Kafin in buɗe baki wata ta fito a gaba kaɗan, namiji, Turancinsa mai jan baƙi irin na kudancin ƙasar, yana maganar wata motar ɗaukar tsakuwa da ta maƙale. Dattijon ya ɗaga mini hannu kada in yi magana, ɗaya hannun yana rubutu: tasha, amo, lokaci. Mutumin da ya wuni jiya yana magana a hankali kamar mai ciwon haƙori, sai ga shi hannunsa na rawa.

Abin bai daɗe ba ya ɗauke. Ya ce ta farkon daga Meziko take, mai yiwuwa masu tasi ne, ta biyun kuma sai ya koma gida ya duba rajista, amma yana zargin Texas ko Oklahoma. Na ce to in ya gano fa, sai me? Ya ce sai ya rubuta a littafi.

Muka gangara Bridgeport muka sha mai, mai tsadar da ta sa ƙanena salati. Dattijon ya mayar da na'urar kan launin yankin, muka juyo kudu. Kafin mu kai Lee Vining ɗakin Bishop ya sanar da 11-82 a gabanmu, wata mota mai jan tirelar kwana ta sauka daga titi, an turo janwe. Da muka iso wurin, ga baƙa-da-farar motar sintiri a gefe da bulalarta a tsaye, ɗan sandan cikin kakinsa yana ɗaga wa motoci hannu su koma ɗaya layin. Dattijon ya rage gudu, ya koma layin, ya wuce bai ko juya kai ba. Muna gab da hawan Deadman muka ji an ce 10-98.